Yaya Iro, Mai Injin Ƙofar Gida

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar wana, Malam Iro mai mazarƙwaila na Taba, a ƙasar Kudan. Ya rasu ana tsakiyar matsar rake, ga shi kuwa lokacin ya sake zagayowa, duk fadamar da ka duba hayaƙi ne ke tashi. Ni ba gwanin rubutu ba ne. Karatuna na allo ne, bokon kuwa a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, gemuna ya riga ya soma fari. Mai karatu ya ɗauki abin da ya samu, ya yafe sauran. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne, bana wata shawara ta taso mini a kan sana'ar da ya bari da matar da ya bari. Na duba wanda zan tambaya, na ga wanda ya fi cancanta yana ƙarƙashin ƙasa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, inji ne na ƙarfe, an ɗaura masa dogon itace a ka. A ɗaure doki a ƙarshen itacen ya yi ta zagaye, mutum yana zaune yana cusa rake. Ruwan ya tsiyaya a garwa, a juye a babban kasko, a yi ta dafawa da busasshiyar tukar raken ana kwashe kumfa, har ya yi kauri, a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare. Abu guda ne rake ba ya yafewa, wato jira. In an sare shi aka bar shi a jibge, sai ya soma tsami, mazarƙwailar ta fito baƙa, ta ƙi kamawa. Shi ya sa a ƙasar nan inji ne yake bin rake. Mai inji ya kwance kayansa, ya ɗora wa jakai, ya je ya kafa a bakin fadama, ya yi bukka ya zauna har a gama, sannan ya ƙara gaba. Wani in ya fita da kaka, ba ya kwanan gida sai bazara ta kawo kai.

Lokacin yaƙi muka sami namu injin, sa'ad da sukarin kanti ya ɓace, Turawa suka shiga neman mazarƙwaila saboda sojoji. Yaya Iro ya sayar da tumakinsa da gyaɗarsa ta shekarar ya saye shi, dattawa suna cewa ya zuba dukiyarsa a ƙarfen Nasara. Kowannenmu ya kawo doki ɗaya, domin doki ɗaya ba ya yini yana zagaye, sai ana hutar da shi. Shekara biyu muna bin fadamu, daga Taba har wajen Makarfi, kuma mun samu.

Matarsa Habi 'yar Kurmin Kogi ce, ta ƙasar Ikara. Mace ce mai baki, ni kuwa ƙanin miji, ba ta taɓa raga mini ba. In muka dawo daga fadama sai ta dube ni ta ce wa mijinta, "Malam, ka auna cikin Garba kafin ku raba riba, rabin ruwan raken nan a ciki yake." A shekara ta uku ta haihu, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma daga ƙugu zuwa ƙasa jikinta ya mutu. An yi na gida, an yi rubutu, an kai ta asibiti a Zariya, aka dawo da ita yadda aka kai ta.

Kowa ya san yadda ake yi. Mace in ciwonta ya yi tsawo, gidansu ake kai ta jinya, miji ya riƙa aikawa da hatsi, yana zuwa dubiya. Ba wanda yake ganin laifin haka, ni ma ban gani ba. Iyayen Habi sun rasu, gidan kawunta Baba Tanko shi ne gidansu. Da kaka ta kama, sai ga shi ya zo da 'yan rakiya, aka shimfiɗa masa a zaure. Bayan an gama gaisuwa ya ce, "Malam Iro, kai mutum ne mai sana'a, ga rake ya nuna. Ka ba mu 'yarmu. In Allah ya ba ta lafiya ka zo ka ɗauki abarka."

Yaya Iro yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba. Wa zai riƙa juya ta a can?"

"Akwai mata a gidan."

"Na san gidan, Baba. Tsohuwa ce ɗaya da ba ta gani sosai, sai matar ɗanka mai goyo. Da ƙafafunta ta shigo gidan nan. Ku bar mini ita."

Baba Tanko ya koma ransa a ɓace. Mu kuwa bayan kwana kaɗan muka ga Yaya Iro yana haƙa rami a filin ƙofar gida. Nan ya kafa injin, inda in an yi kira daga ɗaka zai ji. Ya aika wa manoma cewa bana inji ba zai je fadama ba, mai so ya kawo rakensa.

Ba ƙaramin abu ya ɗora wa mutane ba. Rake kaya ne mai nauyi, sai an nemo jakai an yi ta sawu. Da yawa suka koma wa wasu masu inji, ban kuma ga laifinsu ba. A dandali aka sa masa suna ungozoma. In ya wuce da ƙwaryar kunu sai a yi ta gyaran murya, ni ma ina cikin masu dariyar, ɗan'uwansa ciki ɗaya. Wasu suka ba shi shawara ya ƙara aure ya huta, ya ce bai ga dalilin da zai auro 'yar wani don ta zo wankin tsumma ba.

Ba waliyyi nake so in mai da shi ba. Yaya Iro mutum ne mai taurin kai, kuma a shekarar nan taurin kansa ya cuci mutane. Ya ɗauka shi kaɗai ya iya jinyar. Matata Mairo tana gidan, amma ba ya barinta ta yi komai sai abin da ya zama dole. Kasko yana gab da nuna, a ji muryar Habi, ya ajiye ludayi ya shige, kafin ya fito ya ƙone. Raken mutane yana jibge a rana, shi yana ciki yana ɗumama ruwa. Wanda ya yi magana kuwa, sai ya ce masa inji ba ɗaya ba ne a duniya.

Ana cikin haka na ji wani ɗan kwangilar mazarƙwailar sojoji a wajen Makarfi yana neman masu dawaki. Bayan sallar asuba na kwance dokina. Na san akwai raken mutane a sare a ƙofar gida, na kuma san doki ɗaya ba zai iya ba. Yaya Iro ya fito ya same ni ina ɗaura sirdi. Na ce, "Yaya, ni ma ina da iyali. Inji muka saya, ba asibiti muka buɗe ba."

Ya daɗe yana duban dokin, bai dube ni ba. Ya ce, "Naka ne. Ka lura da ƙafarsa ta hagu, yana ɗan ɗingishi."

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, Mairo ce ta ba ni labari, don a gida na bar ta. Cikin waɗanda rakensu yake jibge akwai maƙwabcinmu Malam Jibo, mutum mai faɗa. Ya tsaya a ƙofar gida yana ta sababi, yana cewa noman shekara guda zai lalace saboda wani ya zama matar gida. Yaya Iro yana ciki yana dama kunu, ya ƙi fitowa. Sai ga matar Jibo, Tabawa, ta yafa zane ta shigo, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Malam Iro, fita. Raken mijina yana tsami, kana nan kana dama kunu. Kunun ma duk ka cika shi da gudaji."

Ya ce, "Ba ta saba da hannun kowa ba."

Habi ta ɗaga murya daga kan gado. "Wa ya ce? Malam, je ka don Allah. Na gaji da labarin doki da kasko. Bar ni in ji abin da ake ciki a gari."

Ya tsaya da ludayi a hannu, Tabawa ta zare shi. Ran nan ya yini a kan inji, Jibo kuma ya je ya aro dokin surukinsa. Da aka gama na Jibo, wanda ke biye ya ga abin da ya faru, shi ma ya turo matarsa, don kada nasa raken ya jira. Ba wanda ya tara mutane, ba a kai maganar gaban mai unguwa ba. Haka kawai abin ya zauna: ranar da ake matsar raken gida, wata mace daga gidan za ta yini a ɗakin Habi, ta yi mata wanka, ta juya ta, ta ba ta abinci. In damina ta sauka aka daina matsa, sai jinyar ta dawo hannun 'yan gida.

Da farko kowa rakensa yake tsaro, ba na ɓoye wannan. Amma matan suka ga ɗakin ya yi musu daɗi. Habi ba ta da ƙafa, amma tana da hannu da baki. Tana kaɗi, tana kitso, tana sasanta waɗanda suka yi faɗa a bakin rijiya. Har ya zamana ita ke faɗa wa mijinta gidan da ya kamata ya biyo, don matan sukan gaya mata wanda rakensa ya nuna da wanda haraji ya matsa wa. Yaya Iro kuma ya sassauta. Ya bar wa matan ƙanzon kasko, ya kuma ƙi sa mai babbar gona gaban mai ƙarama. Ɗagawa kaɗai ya riƙe wa kansa. Kullum da azahar sai ya tsai da doki, ya wanke hannu, ya shiga ya ɗauko ta ya kawo ta inuwa. Ya daina jin kunyar a gan shi, mutane kuma suka gaji da dariya.

Ni kuwa da yaƙi ya ƙare, kwangila ta tsaya, aka sallame mu. Ina so in ce nadama ce ta dawo da ni, amma yunwa ce. Na iso da hantsi ina jan dokin, haƙarƙarinsa duk a waje. Yaya Iro yana cusa rake, ya ɗago ya ce, "Ka ci abinci? Ɗaure shi a inuwa." Da na shiga gai da Habi, ɗakin cike da mata, ta tafa hannu ta ce, "A'a, sojan mazarƙwaila! An ci yaƙin? Ina lambar da aka maƙala maka?" Matan suka yi ta dariya har da hawaye. Wannan shi ne duk hukuncin da aka yi mini. Yaya Iro bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban taɓa cewa ya yafe mini ba. Kullum ina cewa sai an gama matsa, sai an gama shuka.

Kaka biyu muka ƙara yi tare. A ta biyun ciwon haƙarƙari ya kama shi, irin wanda ke kama masu fita daga zafin kasko zuwa sanyi, bai cika mako ba. Mutane sukan tambaye ni wasiyyar da ya bari a kan matarsa. Bai bar komai ba. Maganar ƙarshe da na ji daga bakinsa ita ce a sauke kaskon da ke kan wuta.

Da Habi ta fita takaba, ɗan Baba Tanko ya zo ɗaukarta, yadda aka saba. Ba ta da ɗa a gidan, mijin ya mutu, ba abin da ya riƙe ta. Ni ne babba yanzu, maganata ake jira a zaure, ni kuwa na sunkuyar da kai, ina fatan a ɗauke ta ba tare da na ce komai ba. Ashe Tabawa da Mairo da waɗansu mata sun cika ɗakin sun zauna. Tabawa ta aiko a gaya mini, in na gaji da riƙon Habi in faɗa da bakina, su ji. Na kasa faɗa. Baƙon ya kwana ya koma. Har yau akwai masu yabona a kan na riƙe matar wana, ni kuwa na san kunyar mata ce ta riƙe ta.

Nakan zauna a gindin injin in ce, da Yaya Iro zai leƙo yau, me zai ce? Motoci sun yawaita, abin da muke kaiwa Zariya a kan jaki yanzu da safe a ɗora, da azahar ya isa. Sukarin kanti ya dawo, fari fat, masu shayi ba sa kallon namu. Inji ya cika ƙasa, wanda ya yi masa dariya jiya yana da biyu yau. A dandali ba a maganar komai sai zaɓe da mulkin kai. Ban tsammanin zai tsorata ba. Mutumin da ya sayi ƙarfen da dattawa suka ƙi, ya kuma hana inji bin rake, ba mai gudun sabon abu ba ne. Ina jin zai ɗanɗana farin sukarin ya ce zaƙi ne ba ƙamshi, zai kuma so ya hau mota ko sau ɗaya. Daga nan zai tambaya, yau matar gidan wa ke ciki?

To, ga shawarar da na ce ta taso. Wani attajiri a Makarfi yana tara masu inji a bakin hanyar mota, inda rake ya fi yawa, motocinsa kuma suna kwashewa zuwa Kano. Ya aiko mini har sau biyu. A nan wajenmu rake yana raguwa, da yawa sun koma albasa. 'Ya'yana maza sun girma, sun isa aure, suna so mu tafi. Tabawa ta rasu bara waccan, Mairo kuma bayanta ya soma ciwo, ba ta iya ɗaga mutum. Matan da ke zuwa yanzu yawanci surukai ne, waɗansu ba su ma san Yaya Iro ba. Sun tarar ana yi ne, suna zuwa ranar raken gidansu. In injin ya tashi, ban san abin da zai kawo su ba.

Na yi ta juya abin a raina, sai na ce bari in tambayi mai abin. Na shiga da hantsi, na tarar tana kaɗi. Na ce, "Yaya Habi, shawara na kawo."

Ta ce, "Ikon Allah. Kai da ka saba kwance doki ba shawara?"

Na zayyana mata komai, ban rage ba. Ba ta tsai da mazari ba har na gama. Sannan ta ce, "Ka tafi mana. Yara suna bukatar abin aure. Ni a kai ni Kurmin Kogi, ko ba komai na matsa kusa da kabarin iyayena."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya. Na yi godiya, na miƙe. Na kai bakin ƙofa ta ce, "Garba."

"Na'am."

"Ka san wan naka bai taɓa tambayata ba? Ranar da Kawu ya zo, ina jin su daga nan. Da ya shigo ya tambaye ni, cewa zan yi a kai ni gida. Wace mace ce za ta ce a kashe sana'a saboda ita? Ya sani. Shi ya sa bai shigo ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta lashi yatsa ta ci gaba da kaɗinta.

Na fito na zauna a kan tukar rake. A nan na gane ba shawara na je nema ba. Na je ne don ta faɗi da bakinta abin da na kasa faɗa da nawa a zaure shekarun baya, in tafi ina cewa ita ta ce. Na tsufa, na yi furfura, amma halin da ya kwance dokin nan bai bar ni ba, wayo kawai ya ƙara.

Ranar kasuwa na aiki babban ɗana Makarfi, ya yi wa attajirin godiya, ya ce ya nemi wani. Na tara yaran na ce wanda yake so ya je ya yi aiki can da ƙarfinsa ya je, da albarkata. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna yana kumbure-kumbure. Ba na cewa na yi dabara. Mai yiwuwa ne sana'ar nan ta ƙanƙance a hannuna har ta mutu, yaran kuma su riƙe ni da ita. In haka ta faru, ni na zaɓa, ba Habi ba.

In aka auna abin da Yaya Iro ya bari da ma'aunin kasuwa, ba shi da yawa. Bai bar ɗa mai ɗaukar sunansa ba. Dawakin nan biyu sun mutu tuni, injin ya cinye har maƙeri ya gaji da shi, sunan ungozoma ma an manta wa aka sa wa. Abin da ya bari yana kwance a ɗakin da ke kusa da zaure, yana kaɗi, yana tsokanar duk wanda ya shigo. Allah ya jiƙan Yaya Iro, ya yalwata masa makwanci, ya jiƙan Tabawa, ni kuma ya yafe mini abin da ban nemi yafiyarsa ba sa'ad da mai yafewar yake kusa.

Habi ta kusa shekara goma sha biyar a kwance, kuma har yau babu gyambo ko ɗaya a bayanta. Wanda ya taɓa jinya ya san hannuwa nawa ke nan.